Majo Balki, Mai Riƙon Sirrin 'Yan Sanda

Kowace safiya Majo Balki takan share ɗakinta na asibiti da kanta, ta juya kujerar baƙo ta ba taga baya. Ita ce majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar da ake turo wa 'yan sandan garin Tanut don ta duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Bana ta yi ritaya, ni kuwa har yau ban gama gane ta ba.

Da farko babu mai yarda a gan shi a ƙofarta, don kafin la'asar an ce ya taɓu. Sai ta sa aka riƙa kiran kowa, har komiser, shugabansu, kowa ya shiga shi kaɗai ya daɗe kamar ɗan'uwansa. Wani hirar damina kawai ake yi da shi. Masu sa ido suka rasa wanda za su nuna.

Ni ma na rasa. Nasiru, wani ɗan sanda, ya nemi auren Rahama 'yar yayana, ga raɗe-raɗin cewa tun da ya kwashe gawarwaki a wani haɗarin mota ba ya barci. Dangi suka tura ni binciken aure. Kalma ɗaya daga bakin Majo ta isa ta rushe maganar, wataƙila har da kakinsa.

"Majo, ke uwa ce. Yaron nan lafiyarsa lau?"

"Malam Sahabi, sha ruwa tukuna."

"Na sha. Amana fa aka ba ni."

"Ni ma ita aka ba ni. In yau na ce maka lafiya lau, ran da na yi shiru a kan wani, ai kun gane ke nan."

Na fito kaina a ɗaure, raina a ɓace. In ta ɓoye mana cuta fa? A gida Rahama ta ce Nasiru ya riga ya gaya mata komai da bakinsa, kuma ta yarda.

"Me ya ce?"

"Kawu, ni ya gaya wa."

Aka ɗaura aure.

Majo, ke ce kika hana ni abin da na zo nema, kuma ga ni ina miki godiya, abin har mamaki yake ba ni. Allah ya saka miki, uwar masu kaki. Masu gadon kujerarki, ku riƙe bakinku kamar yadda ta riƙe nata. Nasiru yana bakin aikinsa, ran sunan ɗansu shi da Rahama, ni ya miƙo wa jaririn.