Kan Saƙon da Na Aika wa Autanmu

A shekarun farko na Shari'a ofishinmu ya tura ni bita Katsina, kwana uku, a koya mana aika imel. Abu biyu na riƙe daga bakin mai koyarwar: ka rage gaisuwa, kuma kan saƙo, wato layin nan na sama da mutum ke fara gani kafin ya buɗe, ya faɗi abin da ke ciki ba kwana-kwana. Na dawo Daura kamar wanda ya sauke Alƙur'ani. Duk wanda ya kawo mini wasiƙa in buga masa, sai na yi masa dariyar "bayan gaisuwa mai tarin yawa" da "ina gajiya, ina ruwa, ya dabbobi". Ɗan sabon shiga ya fi kowa zaƙewa, ni kuwa na zaƙe.

A lokacin autanmu yana karatu a Sudan. Ba da son Inna ya tafi ba. Ta so ya zauna ya kama kasuwancin shanu tare da Kawu, ƙanenta, shi kuma ya kafe. Ranar tafiyarsa ya durƙusa gabanta, ta ce "Allah ya kiyaye hanya," ta ci gaba da tankaɗen garinta. Albarkar da yake jira ba ta fito ba. Ba shi da waya a can, don haka duk Asabar nakan je wani shagon intanet kusa da tasha, inda mai shagon ya juya fuskar kwamfutocinsa ga ƙofa don kada a zarge shi da komai, in buɗe saƙonsa in buga a takarda in kai gida. Yakan gaida kowa bi da bi, har maƙwabta, kuma kullum tambaya ɗaya ce a ƙarshe: "Yaya, Inna ta huce?" Wannan layin ba na karanta mata.

Inna ta kwanta ciwo da kaka, sati biyu kacal. Ana gobe za ta rasu ta sa aka kira ni. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika kallon idona ba, amma ranar ta kalle ni. Ta ce, "Ka gaya wa wancan mai taurin kan na yafe masa duniya da lahira. Karatun nan Allah ya sa masa albarka. Ka faɗa masa yadda na faɗa."

Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaman makoki a ƙofar gida, Kawu ya jawo ni gefe. Ya ce, "Kai, wannan na'urar taku, kada ka sake ka aika wa yaron nan kai tsaye. Akwai malamin nan ɗan Zango da ke can tare da su, babba ne. Shi za ka rubuta wa, ya je ya same shi, ya zaunar da shi, ya yi masa nasiha, sannan ya faɗa masa. Mutuwar uwa ba a jefa wa mutum ita kamar dutse."

Na ce to. A raina kuwa cewa na yi tsofaffi da jan magana. Ƙanena ne, uwarmu ɗaya, don me wani zai riga shi ji? Ga kuma saƙon Inna, amana ce a wuyana, ina so ta isa da wuri. Washegari da hantsi na zame na tafi shagon.

Gaskiya a cikin saƙon ban yi rowar komai ba. Na yi sallama, na yi addu'a, na bi da shi a hankali daga ranar da zazzaɓin ya fara, na rubuta maganar Inna kalma bayan kalma ina share ido da hannun riga. Da na gama sai na ga gurbin kan saƙo fayau, na tuna ƙa'idar bita. Na rubuta "Rasuwar Inna", na danna, ya tafi. Har wani daɗi na ji cewa na yi abu bisa tsari.

Asabar ta zo, ba amsa. Wata Asabar ɗin ma haka. Na sake aika saƙo uku, shiru. Sai a lokacin na nemi adireshin malamin ɗan Zango, wanda ya amsa da cewa yaron yana nan lafiya, yana zuwa aji, amma ya daina shiga shagon intanet ko da rakiya. Na ba malamin gaisuwa ya kai masa. Maganar Inna kuwa ban maimaita ba, don a tunanina ya riga ya karanta, fushi ne kawai yake yi da ni. Kawu da ya gane abin da na yi bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ai kai ne ɗan boko," ya hau babur ɗinsa ya tafi kasuwar Mai'aduwa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai da aka yi hutu ya dawo, wata biyar bayan rasuwar. Ya rame. Ya gaida kowa, ya je kabari, ya dawo muka zauna a zaure mu biyu a kan tabarma. Na ce ya yi haƙuri da yadda saƙon ya zo masa.

Ya ce, "Yaya, a tsaye nake gaban kwamfuta a shagon. Ban ma ja kujera ba. Wani Basudane ne a gefena yana dariya da abokinsa, na ga layin, na fita na yi ta tafiya ban san inda za ni ba."

Na ce, "Amma dai ka ga abin da ta ce a ciki."

Ya ɗago kai. "A ciki? Ni ban buɗe ba. Me zan buɗe in gani? Kullum in na kwanta abin da nake tunawa ta tafi tana fushi da ni."

A nan kan tabarmar, fuska da fuska, yadda Kawu ya ce a yi tun farko, na faɗa masa maganar Inna kamar yadda ta faɗa, har da "mai taurin kan". Ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Da ya ɗago kai, bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Wata biyar, Yaya. Wata biyar maganarta tana cikin akwatin saƙona, kai ka rufe mini ƙofar."