Ranar da Mai Geza ya kwaso tumakin garinmu

Shekarun baya, lokacin ina zaune a ƙauyenmu da ke gefen Tsanyawa, kawuna ya sauko daga motar Kano da wani kwali a hammata, kwalin yana motsi. Shi mai gadi ne a gidan wani Bature. Baturen zai koma ƙasarsu, karyarsa kuma ta haihu, shi ne aka ba kawu ɗan kwikwiyo guda. Ya ce irin karnukan kiwo ne na ƙasashen sanyi, masu girman jiki da dogon gashi. Ɗakin hayarsa ba zai ɗauki kare ba, sai ya tuna da ni, tunda duk dangi an san ni da kwashe-kwashe.

Mahaifiyata ta leƙa kwalin, ta ja da baya. "Kare a gidan da ake sallah?" Da ƙyar kawu ya shawo kanta, shi ma sai da ta kafa sharaɗi: a bayan gida zai zauna wajen tumaki, kaskonsa daban, kuma kada ya kusanci randa ko buta. Ni ɗan fari ne, don haka ba ta kiran sunana, "kai wannan" take ce min, ba ta kuma shiga maganata a gaban mutane. Karen ma bai samu suna a bakinta ba. "Abin nan naka" take ce masa.

Kafin shekara ta zagayo ya zama ƙato, gashin wuyansa har ƙirji, yaran gari suka sa masa Mai Geza. Gashin nan kuwa ya ba ni wahala. Ƙarangiya ba ta ganinsa ta ƙyale, kaska kuma ta mai da bayan kunnensa gida. Kullum da safe ina tsugune da wani tsohon mataji ina taje shi ina tsince masa, har wani abokina ya ce ko ni kaina ban taɓa samun irin wannan gyaran ba. Da bazara sai na jiƙa masa yashi a gindin darbejiya ya kwanta, don zafi na nema ya kashe shi. Abincinsa kanzo ne da dusa, ranar kasuwa kuma in roƙo masa ƙashi a wajen mahauta.

Da damina gonakinmu har jikin katangar gidaje suke zuwa, shi ya sa kowa dabbarsa tana turke. Ni kaɗai nake fita da 'yan tumakinmu da yamma, mu bi burtali zuwa bakin fadama. A nan na koya masa aiki. In na ce "kewaya" ya zagaye su, in na ce "kawo" ya koro su, in mun iso gida suka shige garke na ce "tsare", sai ya kwanta a bakin ƙofa, babu wadda za ta fita. Daga nan ni sai in wuce in yi wanka in tafi masallaci. Abin da ke faruwa a bakin garken bayan na tafi ban taɓa damuwa da shi ba. Ina ta yawo ina hura hanci, wai ni mai horar da kare.

A garinmu in an gama girbi, an kwashe wake da harawa, mai unguwa yakan sa a yi shela a saki dabbobi. Babu mai bin su. Su bazu cikin gonaki su yi kiwo, da yamma kowace ta koma gidansu da kanta. A shekarar kuwa an yi ta satar dabbobi a ƙauyukan da ke kusa da mu, ran mutane a ɓace yake. Ranar da aka saki dabbobin ta zo daidai da ranar kasuwar Tsanyawa. Na tafi kasuwa na bar Mai Geza a inuwa ban ɗaure shi ba, don ban taɓa ɗaure shi ba.

Bayan la'asar ina sauka daga mota na hango abokina yana nufo ni da sassarfa. Ko sallama bai yi ba.

"Yi sauri, karenka za a harbe."

Ban san inda na yar da ƙunshin ƙashin da na riƙo ba. Na zagaya bayan gidanmu a guje. Garkenmu da ko tumakinmu ba sa cika rabinsa, ga shi danƙare da tumaki da awakin mutane, sun matse juna suna kuka, darnin yana nema ya faɗi. Ashe da ya ga dabbobi a warwatse babu mai kula, shi ne ya bi gona-gona ya tattaro su ya kawo gida. Yana kwance a bakin ƙofa, harshe a waje, gashinsa cike da ƙarangiya. Mazan gari sun yi masa da'ira da sanduna, mai unguwa yana tsaye a gaba, kusa da shi maharbin garinmu da bindigar toka.

Maƙwabcinmu ne ya fara yi min magana, yana nuna ni da sanda. "Tunkiyata mai ciki tana ciki. Na zo fitar da ita ya buɗe min haƙora. Ko dai an koya masa kwaso dabbobin mutane, ko kuma ya haukace. Ka zaɓi ɗaya."

In na ce ni na koya masa, na ja wa gidan marigayi mahaifina sunan sata. In na ce ban koya masa ba, mahaukacin kare ba a barinsa ya kwana. Na fara bayanin cewa irinsu haka suke, tattara dabbobi a jininsu yake, amma babu mai saurare. Wani daga baya ya ce dama tun da aka kawo shi bai yarda da shi ba.

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Ɗana, magana ɗaya ce. In yana jin maganarka, ce masa ya tashi ya saki dabbobin mutane. Ba za ka ja shi ba, ba za ka doke shi ba, da baki za ka faɗa masa. In aka kira magariba yana nan kwance, ba ni da yadda zan yi."

Na matsa na tsuguna nesa kaɗan da shi. Na ce, "Zo." Ya kaɗa wutsiya, ya dube ni, ya dubi tumakin, bai motsa ba. Na ce, "Tashi." Na ce, "Bari." Na tafa hannu, na kira sunansa, na sake kira. Kallona kawai yake yi, irin kallon wanda ya yi aiki yana jiran a yaba masa. A nan tsugune na gane inda matsalar take. Na koya masa ya kewaya, ya kawo, ya tsare, amma ban taɓa koya masa ya saki ba. Ban ma san me ke tashinsa daga bakin ƙofar nan kullum ba.

Rana ta sauka har ta taɓa kan rumbu. Sai wata akuya ta nemi ta sulale ta gefensa. Ya zabura ya tare ta da haushi mai ƙarfi, mutane suka ja baya, wani har ya faɗi. Na ji ƙarar da bindiga ke yi in an ɗana ta. Maharbin ya ce in kauce. Tsoro ya kama ni sosai, amma na kasa tashi daga gabansa.

Sai na ji ƙyauren baya ya buɗe. Mahaifiyata ce ta fito, ta rufa da mayafi, ƙwaryar ƙasari a hannu ɗaya, kwanon kanzo a ɗayan. Matar da ko baƙo ya yi sallama ba ta leƙowa, ga ta tana ratsa taron maza. Ta bi ta tsakanin bakin bindigar da karen, ko kallona ba ta yi ba.

Mai unguwa ya ce, "Inna, ki koma ciki."

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Lokacin ba tumakina ƙasari ne ya yi."

Ta tsaya a kansa, ta ƙwanƙwasa ƙwaryar da kwanon, ta ce da muryar faɗan da na sani tun ina yaro, "To, an gani, ka gama. Tashi ka ba ni wuri."

Mai Geza ya miƙe, ya girgiza jiki, ya tafi wajen kaskonsa ya zauna yana jira. Ta bi shi ta zuba masa kanzon daga sama, yadda ko bakin mayafinta ba zai taɓa shi ba. Dabbobin suka ɓarke da gudu ta ƙofa, kowace ta kama hanyar gidansu, shi kuwa ko waiwaye bai yi ba. Ashe duk daminar nan, in na tafi wanka, ita ce ke sallamarsa daga aiki, ita ce ke ba shi na yamma.

Maƙwabcinmu ya kamo tunkiyarsa ya duba ta ko'ina, bai ga ko ƙwarzane ba. Maharbin ya sauke bindiga. Mai unguwa ya yanke cewa duk rani a ɗaure shi da rana, sai dabbobi sun koma gida a sake shi, na amsa da sauri. Mahaifiyata ta ɗauki ƙwaryarta, har ta kai bakin ƙyaure sai ta tsaya, ba ta juyo ba ta ce, "Gidan nan ba a taɓa koya wa mutum sata ba, balle dabba." Ana kiran sallah na shiga gida, ina so in yi mata godiya. Ta riga ni da cewa, "Kai wannan, ka wanke hannu kafin ka taɓa min buta."

Daga baya na koya masa kalmar saki, ya kuma iya, amma bai taɓa tashi da sauri irin yadda yake tashi in ita ce ta yi magana ba. Abin ya daɗe yana min yawo a rai. Na girma ina ganin mahaifiyata ba ta damu da ni kamar ƙannena ba, saboda ba ta kiran sunana, ba ta yabona. Ranar na ga abin da za ta iya yi wa wanda ba ta kiran sunansa, kuma har yau ban san ko don karen ta fito ba, ko don ni da ke tsugune a gaban bindiga. Ban taɓa tambayarta ba, na san ba za ta faɗa ba.

Mai Geza ya yi shekaru tare da mu, ya tsufa, wata bazara ya kwanta a gindin darbejiyarsa bai tashi ba. Har ya mutu ba ta taɓa shi da hannu ba. Washegari da yamma ina bayan gida na ga ta fito da ƙwaryar ƙasari. Ta iso bakin garke, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Tashi ka ba ni wuri." Sai ta daɗe a tsaye tana kallon ƙofar da babu kowa a bakinta, sannan ta raɓa ta gefe ta shiga, kamar yana nan kwance.