Riƙon da Gwaggo Ta Zo Nema

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma Gwaggo ta yi sallama a gidanmu. Na san lokacin ne saboda ina jingine da rumbu ina bitar lissafi, ɗan agogon da na samu kyauta a makaranta yana kan cinyata. Laraba ce, muna hutu, shekaruna goma sha shida.

Gwaggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta goya shi. Tun da mijinta ya rasu ta koma Damagaram da zama, cikin Nijar. Muna dai jin ana cewa tana zuwa gaba, amma ba wanda ya taɓa faɗa mana ina ne gaban. Da ta shigo, kafin ma ta zauna, ta ƙwanƙwasa rumbun da bayan yatsa. Ya amsa mata kamar tulun da ba ruwa. Ta yi murmushi, ta wuce kan tabarma.

Shekara ta biyu ke nan ruwa yana ɗaukewa kafin gero ya yi ido. Gonar kakanmu an raba ta tsakanin 'ya'yansa maza biyar, kuma ko'ina ka juya a yankinmu gonar wani ce, babu dajin da mutum zai sara ya ƙara. Baba yana tafiya Watari ƙodago a gonakin rani, ya wuni yana dashen tumatir, ya dawo da 'yar masara a ƙasan buhu. Sau ɗaya a rana ake ɗora tukunya a gidanmu.

Da Baba ya dawo, suka gama gaisawa, Gwaggo ta nuna ƙanwata ta biyu, mai shekara takwas, ta ce riƙonta ta zo nema. Baba ya sunkuyar da kai ya ce ai tata ce, ko dukanmu ta ce za ta kwashe ba shi da ta cewa. Inna tana tankaɗe, hannunta bai ko tsaya ba. Ta ce Allah ya sa albarka, an ma rage mata fitina. Haka ake son uwa mai kara ta faɗa. A wajenmu matar da ta nuna zafin ɗanta a gaban dangin miji, sai ta tsufa ana ba da labarinta.

Ni ma da shiru zan yi, don shiru shi ne sana'ata. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Amma ina da wata ɗabi'a ta kula da ƙananan abubuwa, kuma abu biyu suka tsaya mini a rai. Gwaggo ta tsallake mai bi mini, wadda ta iya daka da ɗebo ruwa, ta zaɓi ramammiyar cikinmu, wadda take jan ƙafar hagu tun wani zazzaɓi da ta yi tana jaririya. Sannan washegari Inna ta fito da atamfarta ɗaya da ta rage za ta kai a ɗinka wa yarinyar, ta kuma jiƙa lalle, sai Gwaggo ta hana. Ta ce a bar ta da tsofaffin kayanta, kada ma a yi mata kitso, hanya duk ƙura ce. Ban taɓa ganin an kai yarinya riƙo da tsumma ba.

Ranar Juma'a na kai niƙa ƙauyen da ke gabanmu, a hanyar Makoda. A nan akwai wata yarinya da kowa ya san an taɓa tafiya da ita, ita da ƙanwarta, aka dawo da ita ita kaɗai a cikin babbar mota. Sau biyu ina matsawa kusa da ita ina fasawa. A na uku na tambaye ta.

Ta ba ni labarin ba tare da ta kalle ni ba, tana kaɗe gari daga zanenta. Kwana da kwanaki a bayan mota cikin sahara, kowa riƙe da sandar da aka soke a jikin motar don kada ya faɗo. Daga nan tafiyar ƙasa, har wani gari na Aljeriya da ta kira Tamanrasat. Da safe ana rarraba su bakin tituna da ƙofofin masallatai su miƙa hannu, da yamma a caje su har cikin gashi. Ta ce ƙanana da masu lalura aka fi nema, don sun fi ban tausayi, kuma wadda ta yi wanka ba da izini ba sai ta sha duka. Ranar da aka yi kame ƙanwarta tana wani titin daban. Har yau ba labari. Na kwatanta mata Gwaggo, ta ce ta san ta, gida ɗaya suka zauna, ɗakinta ne na uku daga ƙofa.

Na tari Baba a hanya yana dawowa, na faɗa masa duka. Ya ce da wane ido zai dubi wadda ta goya shi ya tambaye ta ina za ta kai masa 'ya. Ya ce maganar yara ce, kuma ko gaskiya ce, shi a nan me yake ba yarinyar in ba ruwan koko ba. Baba ba mugu ba ne. Yunwa da kunya ne suka haɗu a kansa, kowacce ta kama hannu ɗaya.

Inna kuwa ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, ba ma doguwar magana. Na same ta tana tsinke zogale, na tsuguna a gefe na faɗi abin da na jiyo kamar da ƙasa nake magana. Da na gama ta ce in miƙo mata faifai. Iyakar amsarta ke nan. Sai dai na lura rabonta na tuwon ranar ƙanwata ta tura wa.

Da safiyar Lahadi mai babur ya zo ƙofar gida zai kai su Ɗambatta, inda za su hau motar bakin iyaka. An riga an ɗaura ƙullin kayan yarinyar a bayan babur ɗin. Abu ɗaya ya rage. Gwaggo tana bukatar takardar da za ta nuna a shingayen hanya, mai cewa uwa da uba sun yarda, da dangwalen yatsansu. Ni nake rubuta wa unguwarmu wasiƙu, don haka aka kira ni tsakar gida. Matan baffannina sun taru yin sallama.

Gwaggo ta fara shifta: mu iyayenta mun yarda a kai ta Damagaram riƙo da karatu. Na rubuta bisimilla a sama, na ja layi, na tsaya. Duk wanda na taɓa rubuta wa wasiƙa ya san ƙa'idata. Ba na sa wa mutum maganar da ban ji daga bakinsa ba, kuma sai na karanta masa kafin ya dangwala. Na faɗi haka a hankali, idona a kan takarda, na ƙara da cewa in za a rubuta gari, to a rubuta Tamanrasat.

Gwaggo ta gyara zama ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ashe kina magana? Ni na ɗauka littafi kawai kike ci. To Malama, tunda kin san garuruwa, faɗa mini me ke nan ɗin. Gonar ubanki, jaki in ya kwanta a ciki wutsiyarsa tana ta maƙwabci. A can ko ba komai za ta ci burodi sau uku. Ke da bokonki kin taɓa kawo ko tiya ɗaya gidan nan?"

Wata daga matan baffannina ta yi dariya ta rufe baki. Gaskiya ne, ban taɓa kawowa ba, kuma na ce mata haka. Na ce amma yarinyar can ma burodi aka ce za su ci, ita da ƙanwarta.

Baba ya ce in rubuta abin da aka ce mini. Ya ce idan na kunyata shi a gaban Yaya, to in san na gama zuwa makaranta. Makaranta ita ce kaɗai abin da nake da shi a duniya, kuma ya sani. Duk da haka na ce nasa ɓangaren zan rubuta, don na ji ya faɗa da bakinsa ranar Laraba. Na Inna ne ban ji ba.

Gwaggo ta ce ai kowa ya ji Inna ta sa albarka. Ta ce kuma masu rubutu ba su ƙare ba, a tashar Ɗambatta ma akwai su birjik, a kawo tawada kawai a dangwala a farar takarda. Na ninke takardar na danne ta da gwiwata. Na ce yatsan Inna ne, in za ta dangwala ta dangwala, amma sai ta ji sunan garin da irin aikin, kuma yanzu ta ji.

Sannan na yi abin da 'yar fari ba ta yi a garinmu. Na juya na kalli Inna a tsakiyar ido, a gaban dangin mijinta. Tana tsaye a bakin madafi da goyo a bayanta, ƙanwata tana riƙe da gefen zanenta.

"Inna, in rubuta kin yarda?"

Matan suka fara salati ƙasa-ƙasa, ɗaya ta ce yarinyar nan ba ta da ta ido. Mai babur ya danna oda daga waje. Na sake tambaya, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Inna ta dubi Baba, shi kuma yana duban ƙasa. Ta dubi Gwaggo. Sai ta ɗora tafin hannunta a kan yarinyar, ta juyo gare ni.

"Kada ki rubuta. Ban yarda ba, Yaya ta yi haƙuri, a yi da ni a gari. Tashi ki kwanto mata kayanta daga kan babur ɗin nan."