Bijimin da Ya Koma Sufana Huɗu

A gidanmu ba a faɗin yawan shanu, amma kowa ya san garke mai yawa shi ne garke. Da wannan idon aka tarbe ni ranar da na dawo daga Kano da kayan aikina, da shi kuma aka yanke mini hukunci tun ban sha ruwa ba.

Ni ɗan ruga ne, daga wani ƙauye a gefen Buji. Lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha, garin ya cika da motocin gwamnati da babura da janareto, ni kuwa na nace wa Baffa, mahaifina, har ya bar ni na tafi koyon kanikanci a wani gareji a Yalwawa. Ba da son ransa ba ne. Gajiya ya yi da ganin fuskata a murtuke a bayan shanu. Da hannuna ya faɗa, maigidana ya yaye ni, ya ce in nemi kayan aikina in tsaya da ƙafata. Ba ni da komai sai bijimi guda, jikan karsanar da Baffa ya ba ni ranar sunana. Fari ne tas, tozonsa kamar tulu, in ya shigo ruga da yamma sauran shanu matsa masa suke yi. Baffa da kansa ya kora shi kasuwar Jahun. Da ya dawo ya miƙo mini kuɗin bai dube ni ba.

Na kama 'yar rumfa a bakin titi a Dutse, na sayi jak na ɗaga mota da benci, sauran na ɗaure a lalita na nufi Kano. Tare muka tafi da abokina, wanda aka yaye mu rana ɗaya. A rumfar farko da muka shiga a kasuwa aka buɗe mana wani jan akwatin ƙarfe mai hawa-hawa. Sufanu a jere daga ƙarama har babba, ga sukudireba, ga filaya, komai yana walƙiya har kana ganin haƙoranka a jiki. 'Yan Taiwan ne, kamar yadda muke kiran duk wani abu mai araha a zamanin. Abokina bai tsaya ciniki mai tsawo ba, ya rungumi nasa. Ba zan ɓoye ba, ni ma raina ya biya, don na hango yadda zan shiga ruga da shi a ka.

Abin da ya hana ni tabon da ke bayan yatsuna ne. Na san halin irin wannan sufanar: ranar da noti ya yi taurin kai sai bakinta ya buɗe, ta zame, ta cinye kusurwoyin notin, hannunka kuma ya daki ƙarfe. Can ciki na tarar da wani dattijo mai kayan gwanjo, sufanunsa baƙaƙe ƙirin, tsofaffin 'yan Jamus da Ingila da aka kwaso daga kamfanonin da suka rufe. Bai yi mini talla ba. Ya ɗauki ɗaya ya sake ta a kan siminti, ta yi ƙara mai zaƙi da ta daɗe tana kaɗawa a kunnena. Ya ce abokina ya saki tasa. Ta ce kwal, ta yi shiru.

"Ɗana, ka ji da kunnenka," in ji dattijon. "Sai dai abin da ke hannunka huɗu zai ɗauka."

Na zaɓi huɗun da na san su ne kullum a hannun bakanike, na naɗe su a tsumma.

A gida aka shimfiɗa tabarma, maza suka kewaye ni. Na kwance tsumman. Kawu, yayan mahaifiyata, mutum ne da ba ya barin magana ta kwana a cikinsa. Ya leƙa, ya ɗaga tsumman ya kakkaɓe.

"Ina sauran?"

"Su ke nan, Kawu."

"To, madalla. Bijimi ƙafa huɗu gare shi, kowace ƙafa ta ba da ƙarfe ɗaya. Ina kan? Ina tozon? Ko a mota ka manta su?"

Aka fashe da dariya. Na fara bayanin rumfa da jak, amma ba wanda ya ga rumfar, ƙarafa huɗu masu kama da abin da aka tono a juji kawai suka gani. Baffa bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "Idan damina ta sauka ka dawo ka ɗauki sandarka ta kiwo." Baffa ba ya maimaita magana. Na koma Dutse da sanin cewa kwanakina a rumfar nan ƙidayayyu ne, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ana tsakiyar bazara, ana jiran ruwa, sai aka aiko mini cewa famfon tuƙa-tuƙa na ƙauyenmu ya tsaya. Tafkuna sun bushe, shi kaɗai ne mutane da shanu suke sha. Saƙon daga Kawu ne, kuma ya ƙara da cewa in taho da abokin nan nawa mai akwati. Na haɗiye wannan ma. Muka ari babur, abokina ya ɗaure jan akwatinsa a baya, ni na zuba nawa a aljihun wando.

Mun tarar da shanu sun kewaye kwamin ruwa, suna lasar busasshen siminti suna kuka. Mata na zaune a kan bokitai. Hannun famfon yana lilo sakaka, alamar sarƙar da ke ciki ta rabu da sandar da ke jawo ruwa. Gyaran ba wuya, amma sai an cire kan famfon, notocin da suka riƙe shi kuwa tsatsa ta haɗe su da jikinsa.

Kawu ya sa aka shimfiɗa buhu, aka buɗe akwatin a kai, yara da manya suka yi ca. Abokina bakanike ne na gaske, ban taɓa raina hannunsa ba. Ya zuba kananzir, ya ɗan jira, ya kafa sufanarsa ya ja. Bakinta ya buɗe kamar mai hamma. Ya ɗauko wata sufanar mai zobe, ya zura bututu a bayanta don ƙarin ƙarfi, ya danna da dukkan jikinsa. Ta karye gida biyu, shi kuma ya zauna daɓas a cikin kashin shanu. Ya tashi yana dariyar kansa zai ɗauko wata, na riƙe masa hannu, don na ga kusurwar notin ta fara cinyewa, in ta ƙarasa sai an nemo mai walda daga Dutse, shanu kuwa ba za su kai gobe a haka ba.

Na zaro baƙar sufanata. Ta zauna a kan notin daram, ba ko motsi. Na zura bututun nan, na yi bisimilla, na taka gindin famfon na ja. Shiru. Na ji idon Baffa a bayana, ban waiwaya ba. Na sake ja har jijiyoyin wuyana suka tashi, bututun ya fara lanƙwasa, sufanar kuwa ko gezau. Sai notin ya yi wata ƙara, ƙiiii, ya juya. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Ni da abokina muka ɗaga kan, muka kamo sandar, muka sa wa sarƙar sabon ƙarfe, muka mayar muka ɗaure. Na kama hannun famfon na tuƙa, na ji nauyi ya dawo masa, sai ga ruwa, da fari ja, sannan fari. Mata suka rangaɗa guɗa, shanu suka yi ta turereniya a kan kwamin, ni kuwa na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar wani sabon mahaukaci.

Kawu ya matso ya ɗauki guntun sufanar da ta karye, ya juya ta. "Ashe ƙafafun ne masu amfanin," ya ce, ya jefa ta cikin akwatin.

Bayan la'asar Baffa ya aiko kirana. Yana zaune a inuwar bukkarsa, da magagarin da yake wasa gatari a gefensa.

"Kawo su."

Na durƙusa na ajiye su a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinta a tafinsa, ya duba bakinta yadda yake duba haƙoran maraƙi. Sannan ya danne ta a gwiwa ya fara goga mata magagari. Ƙarfen ya ƙi ci, sai da ya yi gumi, na ga gefen bakinsa ya motsa. Ban gane abin da yake yi ba sai da ya busa garin ƙarfen. Tsaga biyu ne a gefen dama, kusa da juna. Shaidar gidanmu ke nan, wadda ake yanka wa kowane maraƙi a kunne tun zamanin kakansa, don duk inda aka gan shi a san na wane garke ne. Ya bi su huɗun duka ya yi musu, yana addu'ar da yake yi wa sabuwar haihuwa, Allah ya raya, Allah ya yawaita. Idona ya cika da hawaye, na sunkuyar da kai don kada ya gani.

Ya naɗe su a tsumman da kansa ya miƙo mini.

"Gobe ka yi sammako ka koma," ya ce. "Ba a barin garke ba makiyayi. Sandar kiwon kuma na ba ƙanenka."