Yatsu Huɗu a Gefen Kabari

Ban yi makaranta ba, kuma ba na saurin yarda da mutum. Rashin yardar a wajen kakata na koya.

A ƙauyenmu na Duvu, da an ci tuwo sai ta tura kara cikin murhu, mu jikoki mu zagaye ta. Hannunta na dama yatsu huɗu ne. Maciji ya sare ta tana budurwa, aka yanke ƙaramin. Da hannun take juya mana gyaɗa a toka tana tatsuniya. Akwai guda ɗaya da ba ta dariya in tana yin ta.

Wai wata mata ce mijinta ya bi baƙi masu ƙararrawa, danginsa suka juya masa baya. Da ya mutu suka ƙi taɓa gawar. Baƙin suka binne shi bayan ɗakin ibadarsu, suka sa zomo ya rubuta sunansa a kan laka. Matar ta dubi zanen, ba ta gane komai ba. Ta ce a ranta, wanda ya rubuta yau zai iya gogewa gobe. Da kowa ya watse, sai ta danna tafin hannunta a gefen kabarin tun lakar da ɗanyenta.

A nan kakata take tsayawa. Ba kura, ba waƙa. Abin ya tsaya mini a rai. Ran nan na tambaye ta ina kabarin kakanmu. Ta ce ya tafi fatauci Kamaru bai dawo ba. Na ce to matar nan ta tatsuniya, yatsunta nawa?

"Angona, bakinka ya fi ka girma. Ci gyaɗarka."

Ta rasu da maganarta. Ni na girma, na ga shekarar gudu, da 'yan bindiga suka kore mu daga ƙauye, na rufe mutane a duwatsu ba tare da ko alama ba.

Bara Haruna, ɗan ƙanena, ya zo daga Yola da waya da littafi, wai yana bin asalinmu. Wani tsoho ya shaida masa kakanmu yana maƙabartar tsohuwar coci. Muka hau babur muka je. Mai gadi ya kai mu wani kabari kai tsaye, ya karanta suna, daidai da na kakanmu. Nan take Haruna ya kira birkila, ya ce gobe a sake ginin.

Ni saurin ne bai yi mini ba. Sunan nan kuma ya yi yawa a ƙauyukanmu. Na durƙusa na shafa gefen simintin. Sumul.

Na shiga ciyawa ina bin kaburbura ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Haruna yana ta cewa, "Baba, waɗannan ai ba rubutu." A jikin katanga na samu wani da ya tsage, ruwa ya cinye sunan. Na kankare ƙasa, ga tafin hannu. Na ɗora nawa. Ƙaramin yatsana bai samu wurin shiga ba.

Na daɗe ina jin haushin ƙaryar Kamaru. Yanzu na gane cikin dangin mijinta take zaune, tuwonsu muke ci. Gaskiyar sai ta saka ta inda manya ba sa sauraro, ta jira wanda zai yi zargi.

Na ce wa Haruna ya kawo birkilan wajen wannan kabarin. Su rubuta abin da suka ga dama a sama. Gefen kada a taɓa.