Jinkar da Ta Wuce Ɗaki

Samarin da ke aiki a ofisoshin Gusau sukan tsaya a ƙofar gidana su tambaye ni wace makaranta na yi har na riƙe mutane shekara da shekaru. Nakan gyara zaman hulata in ce musu uku na yi. Ta allo, inda na kai izu biyu malam ya ce in je gida in huta, shi ma ya huta. Ta boko, wadda wani akawu ya koya mini a kan murfin akwati, shi ya sa har yau in na yi rubutu nakan tsaya kusa don in yi wa mai karatu jagora. Ta ukun ita ce babba, kuma malamar ba ta san alif ba. Kakata ce, Inna Kulu, a 'Yankuzo.

Zamanin nan ba mai zama wuri ɗaya. Nasara ba su daɗe da zuwa ba, yau a ce ana neman masu sharar hanya, gobe a ce masu ɗaukar kaya. Fatake suna dawowa da labarin wani ƙarfe da ya iso Zariya, mai tafiya da kansa, yana jan abin da jakunan gari guda ba su ɗauka. Babana ɗan fatauci ne, jakunansa shida. Tun da ya ji labarin nan barcinsa ya ragu. Ya shiga zaure, ya fito, ya leƙa turke, ya dawo, kamar wanda ya yar da allura. Ni kuma na gaje shi tun kafin ya mutu, don ba a taɓa ganin gindina da tabarma sun yi hira mai tsawo ba.

A shekarar ne jinkar ɗakin Inna ta ruɓe, bayan kaka babana ya sa aka yi sabuwa. Saboda waɗanda suka tashi a gidan kwano, bari in yi bayani. Jinka a ƙasa ake ɗaure ta, a yi mata baibaya, sannan a kira maƙwabta su shiga ƙarƙashinta su ɗaga, su aza a kan bango. Wanda ya shiga ba ya ganin komai sai ƙafafun ɗan'uwansa. Don haka akan bar mutum ɗaya a waje, galibi maigidan, yana faɗin gaba, baya, hagu, dama.

Ranar ɗaukar, babana ya tsaya a waje kamar yadda aka saba. Sai ya ga Baba Nomau, maƙwabcinmu, wanda ya girme shi, dogon mutum kamar giginya, yana naɗe riga zai sunkuya. Kunya ta kama shi. Ya tuɓe tasa rigar ya faɗa ciki. Aka ɗaga, aka yi ta dambarwa, aka gogi rumbu, aka koro kaji, daga ƙarshe aka aza ta a karkace. Gefe ɗaya ya zubo har yana shafar kan mai shiga, ɗaya gefen kuma ya bar kafar da kyanwa za ta wuce ba ta sunkuya ba. Inna tana zaune a kan turmi tana kallo tun farko. Babana ya ce gobe a gyara. Ta ce a bar mata abinta haka.

Da aka yi magariba aka ci tuwo, ta hura wuta a ƙofar ɗakin, ta ɗauko mazarinta da audugarta. Mu jikoki muka kewaye ta. Babana ya zauna can gefe yana ɗinkin akumarin jaki, wai shi ba ya ji.

"Zamna, maigidana," in ji ta, don haka take kirana. "Mi kaka nema a tsaye? Ko kai ma jinka za ka ɗauka?"

Ta ce ga tatsuniyarta nan tafe, wanda bai gyara zama ba ta taka shi. Muka ce ta iso, mun share mata wuri.

Wai namun daji ne suke da shugaban aiki, Zalɓe. Duk ranar ɗaukar jinka sai ya koma gefe ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya karkata wuya, ya riƙa cewa hagu kaɗan, dama kaɗan, ku sauke. Ana gamawa kowa ya fito da gumi da ƙaiƙayin shuci, shi ko gashinsa bai motsa ba, kuma a zuba masa fura daidai da kowa. Abin ya daɗe yana cin Kura. Ta bi gida-gida tana tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin gumin Zalɓe. Aka taru aka tuɓe shi, aka naɗa Ɓauna, don duk dajin ba wuya irin nasa.

Ɓauna ya ce shi ba irin shugaban nan ba ne mai tsayawa kallo. Ranar aiki shi ya fara shiga, kowa ya bi shi. Jinka ta tashi sama kamar faifai, ba a taɓa ganin ɗauka mai kyau irin wannan ba. Suka nufi ɗaki. Suka wuce ɗaki. Suka fita ta bayan gari, suka ratsa gonar dawa, kowa yana bin ƙafar na gabansa. Na gaban kuwa yana jin ana turo shi, ya ɗauka na baya sun san hanya.

Na ce da Inna, to me ya hana wani ya leƙo?

"Wanda duk ya fid da kai, a ce raggo ne," in ji ta. "Zomo ya so ya leƙa, ya tuna abin da anka yi ma Zalɓe, ya mai da kainai."

Haka suka wuni suna tafiya har suka ji ruwa a gwiwa. Gulbi ne. A bakinsa kuwa ga Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana kamun kifi. Ya dubi jinkar nan mai ƙafafu tana shiga ruwa, bakinsa ya suɓuce saboda sabo, ya ce, hagu kaɗan. Ba wanda ya ji shi. Shi ya sa har yau yake tsaye a bakin ruwa da wuya a karkace, yana jiran a tambaye shi. Inna ta ce ta ɗaure tatsuniyar a ƙafarsa da ya naɗe, mai so ya je ya kwanto.

Babana ya yi tari, ya tattara akumarinsa ya shige zaure. Ni kuwa na miƙe na ce ni dai Ɓauna nake so, ko banza shi ya yi aiki. Inna ta dube ni ta ce ta sani, jini ba ya ɓuya mata, in je in kwanta.

Shekaru suka wuce, ƙarfen nan da fatake ke faɗi ya taso daga Zariya ya nufo mu. Jakunan babana suka koma biyu. Ina saurayi na bar gona na tafi Tsafe na shiga leburan shimfiɗa dogo. A can na tarar da Baba Nomau, furfura ta fito masa, shi ma jakunansa sun rasa abin ɗauka. Aikinmu shi ne ɗaukar ƙarfen dogo a kafaɗa, mutum goma sha biyu a jere, kowa da gammonsa, daga inda aka jibge zuwa bakin aiki. Ƙarfi kuwa Allah ya ba ni, ba yabon kai ba. Wata uku mai duba aikin, wani mutumin Kudu da muke kira Oga, ya rataya mini usur a wuya ya ce na zama helima, wato shugaban ƙungiyarmu.

Washegari na busa usur, mutane suka jeru yadda muka saba tun daga gida: babba a gaba, mai bi masa a baya, har zuwa ƙaramin cikinmu. Na tsaya a gefe. Baba Nomau ya sunkuya zai sa kafaɗa, mutumin da ya goya ni a wuyansa ranar sallah, ni kuma ina tsaye hannu a sake da abin busa kamar mai kiran tsuntsaye. Ban iya ba. Na cusa usur cikin riga na shiga tsakiya.

Aka yi ta yabona, wai helimanmu ba ya da girman kai. Amma ƙungiyarmu ta koma ta ƙarshe. Mukan yi tuntuɓe da duwatsu, mu sauke ƙarfe inda ba nan ba, mu sake ɗagawa. Kafaɗar Baba Nomau ta kumbura, yana ɓoyewa da tsumma. Ni ina ƙara ƙarfi, abin yana ƙara lalacewa. Na daina cin abinci a zaune. Wata Laraba Oga ya kira ni ya ce zuwa Asabar in ba mu kamo sauran ba zai karɓi usur ɗinsa, ya sallami tsofaffin cikinmu, ya raba samarin ga wasu. Na san tsohon da yake nufi, na kuma san ba jaki ko ɗaya da ke jiransa a gida.

Ranar Alhamis na shiga da zafin nama, ina ta tura na gabana. Wajen saukewa aka yi saɓani, bakin ƙarfe ya sami babban yatsan ƙafata. Ba zan faɗi abin da na ce ba, don yanzu ina da jikoki. Aka ɗaure mini da tsumma, aka fitar da ni gefe. Zama ya gagare ni kamar kullum, sai na tsaya da ƙafa ɗaya, na dafa sanda, ina kallon su suna ɗagawa ba ni.

Abin da na gani ya fi yatsan zafi. Baba Nomau a gaba ya fi kowa tsawo. Biyun da ke bayansa gajeru ne, ƙarfen ko taɓa gammonsu ba ya yi, tafiya kawai suke a inuwarsa suna nishi don kunya. Can tsakiya wani dogo, sai gajeru kuma. Mutum huɗu ke ɗaukar kayan goma sha biyu, kuma mafi nauyin yana kan mafi tsufa. Wata da watanni ina cikin layin nan ban sani ba, don ba abin da nake gani sai ƙeyar na gabana.

Na busa usur suka sauke. Na ɗingisa har gaban Baba Nomau na durƙusa, na ce ina roƙon arziki, a bar jerin girma a koma jerin tsawo, dogaye wuri ɗaya, gajeru wuri ɗaya. Roƙon ba ƙarami ba ne, don hakan na nufin wani yaro ɗan Bungudu da bai fara aski a gemu ba zai shiga gabansa. Ya daɗe yana dubana, daga ƙafar da na naɗe har wuyana.

"Labbo," ya ce, "ranar jinkar kakarka ina ciki, hirar da anka yi da magariba kuma ta katanga na ji ta. Ubanka tari ya yi ya tashi. Kai sai da ƙarfe ya karanta maka ita a yatsa." Ya ɗauki gammonsa ya koma bayan yaron. "To, Zalɓe, faɗi. Amma in na sake ganin kafaɗarka a nan, ni da kaina zan taka ɗayan."

Asabar ta zo, Oga ya wuce mu bai tsaya ba. Usur ya kwana a wuyana. Sunan ma ya kwana, har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da Labbo ba.

Bayan dogo na riƙe masu ɗaurin auduga, na riƙe masu lodin mota, aiki ya sake kama ban san sau nawa ba. Kowane sabon wuri sai hannuna ya fara ƙaiƙayi, in ji kamar kowa na kallona yana tambayar ina gumina. Ba na ce duk mai tsayuwa a gefe Zalɓe ba ne. Na ga waɗanda suka tsaya don inuwa kawai, idonsu na kan kwanon abinci. Abin da na gane shi ne, ƙarfin da ya sa aka ɗaga ni shi ya so ya kashe mini aiki, kuma kunyar tsayawa hannu sake ta fi ƙarfen dogo nauyi, ba kuma mai kama maka ita.

Inna ta rasu a ɗakinta mai karkatacciyar jinka, da ƙwarya a gefen da ke yoyo. Ba ta taɓa yarda an gyara ba.

Makon jiya 'ya'yan maƙwabcina suna ɗora kwano a sabon shagonsu, su shida duk suna sama, ba kowa a ƙasa. Na jawo sandata na tsaya daga nesa, na karkata wuya. Babbansu ya hango ni ya ce, Baba a koma inuwa a huta, mun iya. Na ce to. Na juya zan tafi, bakina ya suɓuce, na ce hagu kaɗan. Guduma ba ta bar su sun ji ba. In kun bi ta layinmu ku duba shagon, ba sai an nuna muku ba.