Yadda Na Ja wa Kakata Sunan Maita

In dai ina numfashi, akwai abu guda da ba zai fita daga raina ba, shi ne yadda wani ɗan wasan waya da na haɗa da hannuna ya ja wa kakata sunan da ya fi duka ciwo. Shekaru sun ja, na yi aure har na fara tara iyali, amma har gobe in na tuna sai kunya ta rufe ni, kuma har yanzu akwai wuraren da ban gane yadda aka yi maganar ta kai can ba.

Lokacin na gama karatun kwamfuta na dawo gida Gaya, ba aikin fari bare na baƙi. Abin da na mallaka a duniya wata tsohuwar laftof ce da girman kai cike da buhu. A kwanakin ne wata tsohuwar jita-jita ta sake tashi a intanet, wai akwai wata jar lamba da ke kiran mutane, duk wanda ya ɗauka sai ya ji murya tana kiransa, daga nan sai ciwo, sai makara. Kowa ya san wani da ya san wani da abin ya faru da shi, amma ba wanda ya taɓa zuwa jana'izar. Ni dariya abin yake ba ni. Sai na ce bari in haɗa gem, wato wasan waya, a kai, irin na ban tsoro da samari ke haɗawa su kaɗai a ɗaki su saki a duniya. Tsarinsa ba wuya: kana yawo a wani kangon gida kana neman hanyar fita, waya tana ta ƙara, in ka ɗauka sau uku wata tsohuwa ta cim maka, allo ya yi ja, ka faɗi ke nan.

Abu biyu suka rage mini, hoton gida da muryar tsohuwa. Ana haka mahaifiyata ta aike ni da saƙo wurin tata uwar, a wani ƙauye kusa da Gafasa ta ƙasar Ajingi. Kakar nan tawa ungozoma ce, rabin mutanen unguwar ita ta yanke musu cibiya, sannan tana yin ƙuli da man gyaɗa ana kai mata kasuwa. Na same ta da hantsi tana fama da wata ja'irar akuya da ta tsinke igiya ta shige bayan rumbu. Tana lallashinta kamar mutum: ki zo mana, ina za ki, ko kin ɓuya ina ganinki, ai ba ki da wurin gudu. Ina jin haka na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na zaro waya na naɗa. Na ɗauki hoton zauren da tsamiyar ƙofar gida da rumbun da ya zube. Da ta tambaye ni me nake ta ɗauka sai ka ce ɗan leƙen asiri, na ce aikin makaranta ne, alhali makarantar ma na gama ta.

Da na koma gida na ja muryar ta yi kauri da sanyi, na cire kukan akuyar da sauran hayaniya, na sa wa hotunan duhu. Wallahi ni kaina da na gwada sai da tsigar jikina ta tashi, kuma maimakon hakan ya zame mini gargaɗi sai na ji kaina ya ƙara fashewa. Na kai wa wani abokina mai shagon caji da tura fina-finai a kasuwar Gaya, na ce ya sa wa mutum biyu ko uku su gwada su faɗi ra'ayinsu. Shi kuwa duk wanda ya kawo memori sai ya ɗora masa kyauta. Ban sa sunana a jiki ba, wai ni a dole sai abin ya yi kama da wanda ba a san asalinsa ba.

Bayan kamar sati uku, ranar kasuwar Ajingi, aka sake aikena. Na sauka daga mota na tari ɗan acaɓa, na kwatanta masa gidan. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce zai sauke ni a bakin masallaci in ƙarasa da ƙafa, shi ba ya zuwa gidan tsohuwar waya. Na ce wace ce kuma tsohuwar waya? Sai ya zaro wayarsa ya nuna mini gem ɗina, ya rage murya yana ba ni labari: wai daga ƙasar waje abin ya fito, wai ya kashe mutane a can wajen Wudil, wai masu shi sun bi duniya suna neman inda muryar take fitowa sai suka gano gidan nan ne. Ya nuna mini ƙyauren zauren, mai facin farantin kwano a ƙasa, wanda duk duhun da na sa bai ɓoye shi ba.

Na ce masa, “Malam, ni ne na haɗa abin nan a ɗakina.”

Ya yi dariya har babur ɗin yana rawa. “Kai? Da wannan silifas ɗin? Wannan aikin Turawa ne, ɗan'uwa.”

Na rasa abin da ya kamata in ji, haushin raini ko tsoro. Ina cikin tunanin yadda zan ba abokaina labari mu sha dariya, sai na shiga gidan na tarar da abin ya wuce wasa. Kwanon ƙuli yana nan cike yadda aka kai shi kasuwa aka dawo da shi, kwalaben mai ko ɗaya ba a taɓa ba. Kakata tana zaune a tabarma ta yi tagumi. Ta ce mini kwana goma ke nan ba wanda ya shigo ɗibar wuta, yara in sun hango ta sai su watse, an haihu a gida biyu ba a kira ta ba, ita kuma ba ta san laifin da ta yi ba. Ba wanda ya iya faɗa mata a ido. Ni da na sani kuwa sai na zauna ina ta juya waya a hannu kamar wanda aka aiko ya manta saƙo.

Kafin in tattaro ƙarfin hali, aka yi sallama daga zaure, wai mai unguwa yana kiranta bayan la'asar. Ashe 'yar maƙwabcinta, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, ta buga wasan a wayar yayanta, bayan kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da ita, cikin zafin ciwo tana ta cewa ga tsohuwar nan tana kiranta. A wajenmu kuwa in marar lafiya ya ambaci mutum a irin wannan hali, magana ta ƙare: an kama kurwarsa, kuma maganin shi ne wanda ake zargi ya zo ya tsallake shi ya sake shi. In kakata ta tsallaka ta amsa cewa ita mayya ce. In ta ƙi, a ce ta ƙi saki ne. Ko ta ina aka bi, sunanta ne a ƙasa.

A nan na faɗa mata gaskiya. Na yi bayani sau uku, tana kallona kawai. A ƙarshe ta ce ita abin da ba ta gane ba shi ne yadda maganar da ta yi da akuyarta ta je Wudil ta kashe mutane. Na ce ba wanda ya mutu. Ta ce to me ya sa na ce a ji tsoronta? Na ce ba ita ake tsoro ba, tsohuwar cikin wasan ce. Ta ce wace ce tsohuwar cikin wasan?

Allah ya sa laftof ɗin tana jakata. Da la'asar na raka ta, muka tarar ƙofar gidan mai unguwa ta cika, maza a gaba, mata sun yi cirko-cirko a bayan danga. An kwantar da yarinyar a zaure, ubanta yana tsaye idanunsa sun yi ja, kuma ban ga laifinsa ba, 'yarsa ce take ƙonewa a gabansa. Liman ya fara da cewa jifan musulmi da maita ba hujja babban zunubi ne, a kai yarinya asibiti. Aka ce to malam, muryar fa? Gidan fa? Sai na miƙe na ce ni ne mai laifi, kuma zan nuna yadda na yi.

Nan na tafka wautar da ta fi ta farko. Don in burge, na roƙi mai unguwa ya yi magana a wayata. Ya ce, “Jama'a a yi haƙuri a zauna.” Na ɗora a laftof na ja ta yadda na ja ta kakata, na ƙure ƙara. Muryar mai unguwa ta fito kamar daga cikin rijiya. Ina jiran dariya da tafi, sai na ga sahun gaba ya ja da baya, shi kansa mai unguwar ya shafa maƙogwaronsa yana salati. Wani tsoho ya nuna ni da sanda.

“To me ya rage? A gabanmu ya kama muryar mutum ya kulle a akwati. Ɗan 'yarta ne fa. A nono ya sha.”

Na manta shaf cewa a wurin mutanenmu maita ta wajen uwa ake gadonta. Na zo wanke mutum ɗaya, sai ga shi na jefa uku a ciki, ita da mahaifiyata da ni. Kaina ya ɗaure tamau. Duk abin da na koya a makaranta ba wanda ya gaya mini abin da ake yi in hujja ta juya ta zama shaidar laifi. Ina jin ana cewa a karɓe akwatin a ƙona, wasu na cewa a'a, in an ƙona muryar mai unguwa ta tafi ke nan.

Sai na lalubo asalin abin da na naɗa tun ban taɓa shi ba, na kunna. Sai ga muryar kakata ras, yadda kowa ya san ta, ga akuya tana amsa mata da kuka, ga ƙarar turmi daga maƙwabta, har da wata mata tana ƙwala wa ɗanta kira ya kawo tsintsiya. Daga bayan danga wata ta ce la, ai wannan ni ce. Mata suka fara ƙyalƙyala dariya, wata ta ce akuyar nan ai ita ta cinye mata shanyar kuɓewa. Dariyar ta ɗan sassauta wurin, amma uban yarinyar bai yi ba. Ya ce shi bai san akuya ba, bai san akwati ba, tsohuwa ta tsallake masa 'ya kawai, in ba komai ai ba abin da zai rage ta.

Sai a lokacin kakata ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

“Ni na karɓi yarinyar nan ranar da ta faɗo duniya, kai ma ni na karɓe ka. Hannuna na sa muku, ban taɓa sa wa ɗan kowa ƙafa ba, kuma ba zan fara yau ba. Ku ɗauke ta ku kai ta asibiti tun da sauran rana.”

Mai unguwa ya yanke hukunci a kan haka, ya ce wanda ya sake furta kalmar nan zai haɗa shi da dagaci. Aka samo a-daidaita-sahu aka kai yarinyar Gaya, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mata yawa. Kwana huɗu ta dawo tana cin tuwo.

Ni a lissafina an gama ke nan. Ashe ba a gama ba. Rabin gari suka ce gaskiya ta yi halinta, rabi suka ce ai tsoron dagaci ne ya sa tsohuwa ta saki kurwar a ɓoye. Na bi shagunan caji na Gaya da Ajingi ina roƙo a goge wasan, ana gogewa a gabana, washegari in gan shi a wayar wani. Na sake fitar da wani da muryata da sunana a jiki, ba wanda ya so shi, wai na bogi ne. Ana gaishe da kakata a hanya, amma ƙulinta sai baƙin da ba su san ta ba suke saya, haihuwa kuwa ba a sake tashinta ba. Da aka gama girbin gyaɗa ta sa aka kwashe kayanta ta dawo gidanmu a Gaya, matar da ta sha rantsuwa cewa gawarta ce kaɗai za ta bar ƙauyen nan.

Wata rana da rana tsaka na same ta ita kaɗai tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na nemi gafara yadda ya kamata. Ta ce ta yafe tun tuni, duniya da lahira. Har na yunƙura zan tashi sai ta ƙara da cewa:

“Su mutanen garin ban riƙe su ba, tsoro ne ya sa su. Kai da ba ka jin tsoron komai, me ya hana ka tambaye ni?”

Ta rayu shekara huɗu a wurinmu, ba ta sake taka ƙauyen ba. Abin da na koya shi ne, muryar mutum da ƙofar gidansa ba kayan tsintuwa ba ne, ko da na kakarka ne, kuma abin da ka ƙirƙira don wasa ba kai za ka zaɓa masa inda zai sauka ba. Har yanzu ina wannan sana'a, da ita nake ci da iyalina, amma ko tarin mutum zan naɗa sai na zauna na faɗa masa abin da zan yi da shi da inda zai iya kaiwa, in ya ce a'a in mayar da wayata aljihu.